Giyar Motata da Hannun Tchakoura

Assalamu alaikum Malam,

Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da gemuna ya fara furfura na shiga makarantar dare na koyi baƙaƙen Faransanci, da su nake lallaɓa Hausar. Direbobin manyan motoci ke kawo mana jaridarku nan Lome, wani lokaci sai ta tsufa a hanya, amma filinka ba ya wuce ni. Ban taɓa zaton ni ma wata rana zan shigo cikinsa ba.

Zan fara da abin farin ciki, don shi ya jawo komai. Allah ya ba ni jika. Ɗana na fari, wanda zan kira Haliru a nan tunda ban taɓa ambatar sunansa na gaskiya da bakina ba, ya daɗe da aure babu haihuwa. An je asibiti, an je wurin malamai, har mutane sun daina tambaya. Bana matarsa ta sauka lafiya, aka sami mace, aka sa mata Zuhura. Ni amaryata nake ce mata. Idan ta kama yatsana sai in manta da ciwon gwiwa, in manta da albasar da ke ruɓewa a kasuwa. Ko yanzu da nake rubutun nan ina jin kukanta daga cikin gida, kuma wallahi daɗi yake yi mini.

To ina da wata tsohuwar Fijo 404 wadda ta ba shekara ashirin baya, irin mai giya a jikin sitiyari. Ni ban iya tuƙi ba. Mai tuƙa ta tun ranar da na saye ta shi ne Tchakoura, Bakotokole mutumin Sokode, ya ɗan girme ni. A baki direbana ne, amma kwano ɗaya muke ci. Shi ya riƙa kai ni makarantar daren nan yana jirana a waje, lokacin da 'yan unguwa ke dariya wai tsoho ya ɗauki jakar yara. Da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka kawo mu nan bayan gari, shi ya yi ta jigilar kayanmu da na maƙwabta, har ƙofofin ɗakuna a kan rufin motar. Kullum shi ke kai ni babbar kasuwa ya dawo da ni, ya san sojan da ake yi wa wasa a shinge da wanda ba a yi wa.

Kafin ya zo wurina dako yake yi a tashar jirgin ruwa. Can wani akwati ya danne masa hannun dama, gwiwar hannun ta warke a lanƙwashe, ba ta miƙewa. Bai hana shi tuƙi ba, don sandar giyar tana nan dab da sitiyari, yatsu kawai yake miƙawa ya tura ta sama ko ƙasa. Ina ganin hannun nan kullum har idona ya saba, na daina ganinsa.

Ranar da naƙuda ta tashi Tchakoura yana wurin jana'iza can garin Baguida. Haliru ya ɗauki makulli zai kai matarsa asibiti. Shi a motocin zamani ya koyi tuƙi, masu giya a ƙasa, kuma giyar tamu ta tsufa, ƙarafan da ke haɗa ta da giyabos sun saki. Suna fita babban titi ta maƙale, ta ƙi gaba ta ƙi baya, ga shi an tare wata hanyar saboda masu rawar jam'iyya. Sai a tasi aka ƙarasa da mai naƙudar. Allah ya kiyaye, amma na ga fuskar ɗana da ya dawo.

Ranar suna, bayan an shafa fatiha, farin ciki ya ɗebe ni. Na miƙe a gaban liman da jama'a na ce na ba Haliru motar saboda Zuhura, kuma zan sa a sauke giyar ƙasa yadda zai ji daɗin tuƙa ta. Na ƙara da cewa Tchakoura na nan a kan aikinsa, zai ci gaba da kai ni kasuwa da safe. Mutane suka yi ta sa albarka. Tchakoura na zaune kusa da ni yana raba goro, ya ce madalla, Allah ya raya. Malam, shi da kansa ya tuƙa motar zuwa garejin wani makanike a unguwar Avédji.

Na je na ga aikin. An ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, an huda ƙarfen da wuta, an yanke ƙarafan da ke saukowa daga sitiyari. Makaniken ya samo wata gajeriyar sanda daga motar da ta yi haɗari, ya yi mata walda, ya rufe gindinta da roba, har kujerar gaba ya ɗan rage don sandar ta sami wurin motsi. Aiki ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Haliru ya zagaya unguwa da ita yana murmushi kamar yaro.

Washegari Tchakoura ya zo da sassafe kamar kullum, ya wanke motar, ya duba mai da ruwa, sannan ya miƙa wa Haliru makulli. Ya ce mini idonsa ya fara hazo, gara yaro ya riƙa kai ni. Na yarda, har na yi masa jaje na ce tsufa ne. Haka muka yi ta tafiya, yana wanke mota ya koma gindin mangwaro ya zauna, mu kuwa mu wuce.

Wata Juma'a bayan la'asar na fito zan ɗauki buta, sai na hango shi cikin motar a tsakar gida, injin a kashe. Ya taka kuloci yana ƙoƙarin kai hannunsa kan sandar. Bai kai ba sai da ya karkata jikinsa duka, kansa ya yi ƙasa har ba ya ganin gilashin gaba. Ya tashi ya gyara zama, ya gwada da hannun hagu ta kan cinyarsa. Ya sake gwadawa. Daga baya ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. Na koma ɗaki da baya, ban ɗauki butar ba.

Da na gaya wa mai ɗakina, ta ce ita tun ranar suna ta gane, ta zaci na sani, wata dabara ce ta sallamar tsoho ba tare da an faɗa ba. Ta ce matan unguwa ma haka suka ɗauka. Wannan magana ta fi komai ƙona ni. Idan mata sun ɗauka haka, shi me ya ɗauka? Ko yana ganin na tara mutane ne na kore shi a gabansu, yana raba musu goro?

Yanzu ya ce bayan Babbar Salla zai koma Sokode wurin 'yan'uwansa, wai mai hazon ido ba shi da amfani a birni. Matarsa ta rasu, 'yan'uwan nan kuwa rabonsa da su tun yana saurayi. Na koma wurin makanike a ɓoye na tambaya ko za a iya mayar da giyar yadda take. Ya ce ƙarafan da ya yanke masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe, sai dai a nemo na wata matacciyar mota.

Ko an samu ma, motar ba tawa ba ce yanzu. Ka san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa zama na yi hira da Haliru ba, ban taɓa yaba masa a gaban mutane ba. Kyautar nan ita ce karo na farko da na nuna masa abin da ke zuciyata, shi ma sai da na laɓe bayan jaririya. In na ce a mayar da giya, kamar na ce masa na fasa ne. In kuma na yi shiru, Tchakoura zai tafi da ƙaryar da ya yi don ya rufa mini asiri. Kullum muna cin tuwo tare ina kallon hannun, na kasa buɗe baki. Na ɗauki Zuhura ina dariya, sai in hango shi gindin mangwaro, dariyar ta gushe.

Malam, in karɓe motar ne? Ko in bar shi a kan maganar ido, in haɗa masa sha tara ta arziki ya tafi da mutuncinsa? Salla ta matso.

Naka,
Kakan Zuhura, Zongon Lome

*

Wa alaikumus salam Baba,

Barka da samun amarya, Allah ya raya Zuhura. Rubutunka kuwa ba ya bukatar haƙurin kowa, na karanta shi tsaf.

Ka yi kuskure, ba sai na ɓoye maka ba. Ka yanke hukunci a kan abin da mutum ke ci da shi ba tare da ka tambaye shi ba, kuma ka yi shi a wurin da ba zai iya cewa komai ba sai madalla. Amma mantuwa ce ta mai farin ciki, ba mugunta ba. Dalilinka ma ba na banza ba ne: giyar da ta maƙale da mai naƙuda a kan titi tana bukatar gyara, kuma ɗanka ya cancanci kyautarsa. Abin da ya fi damuna shi ne shirun da kake yi tun ranar Juma'ar nan. Wancan ba ka sani ba, wannan kuwa da saninka.

Kada ka karɓe motar. Malamai sun ce uba na da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, amma ba duk abin da aka halatta ba ne ya dace, kuma za ka ɗinke wata ɓaraka ne ka buɗe wata. Kada kuma ka sallami Tchakoura da kaya a kan maganar ido. Yadi da kuɗin mota ba za su cire masa zaton cewa da gangan ka yi ba, sai ma su tabbatar masa.

Ka fara da shi, kafin makanike, kafin kowa. Ku keɓe ku biyu. Ba sai ka ce ka gan shi a cikin mota ba, wannan sirrinsa ne, ka bar masa. Ka ce masa ka manta da hannunsa ranar suna, ka gane daga baya, kunya ta hana ka magana, ya yafe maka. Zai ce ba komai, zai sake kawo maganar ido. Kada ka tashi a nan. Ka gaya masa a fili cewa ba ka son ya tafi.

Sai Haliru. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, amma ba a yi ta don wani ya rasa abincinsa ba. In bakinka ya yi nauyi, mahaifiyarsa ko liman su isar masa. A gaya masa mota tasa ce har gobe, alfarma ake nema. Haliru da ya girma a gaban Tchakoura, ina kyautata zaton zai riga ka tashi. Wataƙila ma shi ma ya lura, yana jiran ka ne kamar yadda mai ɗakinka ta yi.

Game da ƙarfen, na tambayi wani makanike a nan. Ya ce ba lallai sai an mayar da giyar sitiyari ba. Ana iya cire gajeriyar sandar a sa doguwa, a lanƙwasa ta ta taso kusa da sitiyari, irin ta manyan motoci, yadda mai lanƙwasasshen hannu zai kai ba tare da ya sunkuya ba, ɗanka kuma bai rasa giyarsa ta ƙasa ba. Ya ce doguwar sanda takan yi rawa, wani lokaci ta fitar da giya, don haka a gwada a fili kafin a hau titi. In ba ta yi ba, matattun 404 ba su ƙare a garejin Lome da Kwatano ba, sai a nemo ƙarafan, da yardar Haliru. Ko wanne za a yi, Tchakoura ya zauna a kujerar a auna da hannunsa, ya faɗi inda yake so. Wannan karon a tambaye shi.

Abu biyu kuma. Ka kai shi a duba idon. Mai yiwuwa uzuri ne, mai yiwuwa kuma da gaskiya a ciki, kuma motar nan yanzu jaririya take ɗauka. In likita ya ce ya ajiye tuƙi, to ya ajiye, a nema masa abin yi a rumfarka wanda ba wankin mota ba. Sannan ka shirya jin cewa da gaske yana marmarin Sokode. In haka ne kada ka tsare shi don ka sami sauƙin zuciyarka. Ka bar shi ya je, amma ya tafi yana sane da cewa ɗakinsa na nan, kuma liman da waɗanda suka ji kyautar su ji daga bakinka cewa ba korarsa ka yi ba.

Jaridar nan takan daɗe kafin ta iso ku, ga Salla ta ƙarato. Ranar da ka karanta wannan, kada ka jira a kawo tuwo. Ka naɗe ta, ka ɗauki tabarma ka same shi inda yake zaune.

Allah ya sanya albarka a gidanka, ya bar ku tare.