Kason Jirgin Suwaiba

Sabon Gari, Wudil
3 ga Maris

Baba Ɗanladi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya Mama Ruth, ya zaman ritaya? Na kira wayarka har na gaji, an ce garinku sai an hau dutse ake samun sabis, shi ya sa na ba direban Zonkwa wannan takarda.

Baba, kujerar akanta da ka bar mini a kamfanin abincin ɗalibai na Hajiya Mas'uda ta fara zafi. Odita ya ga wani suna a manhajar biyan masu kawo mana kaya: Suwaiba Achika. Wata talatin da takwas ana tura mata kuɗi, amma ko albasa ɗaya ba ta taɓa kawowa ba. A ɗaya gefen kuma manhajar ta nuna Malam Ya'u mai kifi yana bin mu bashi, alhali shi ya rantse ba ya bin mu ko sisi. Da na auna, sai na ga abin da aka ba matar daidai yake da abin da Ya'u ke bi: kashi ɗaya cikin uku na kowace takardarsa.

Odita ya ce sunan bogi ne, kai ka ƙirƙire shi. Hajiya ta riƙe kuɗin sallamarka sai an gano gaskiya. Ni ban yarda ba, mutumin da ke mayar da biron ofis ba zai ci wannan ba. Amma son sani ya hana ni sakat. Wace ce Suwaiba?

Taka 'yar,
Laraba

Zonkwa
7 ga Maris

'Yata Laraba,

Na gode Ubangiji da ya ba ki lafiya da baki. Mamanki na gaishe ki.

Suwaiba mutum ce mai rai, tana cin tuwo. Mijinta Ja'afar abokin sana'ar Ya'u ne, ya rasu ya bar mata jirgin kamun kifi. Yadda su biyun suka saba tun da, mai jirgi yana da kashi ɗaya cikin uku. Ya'u ya roƙe ni in riƙa tura mata kasonta kai tsaye, wai in kuɗi ya biyo ta aljihunsa yara za su cinye kafin ya kai ƙauyenta Achika. Na duba kwamfuta ban ga inda zan sa ta ba, sai na buɗe mata shafi kamar mai kawo kaya. Kuskurena ke nan, tsoho da injin zamani.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada odita ya je bakin kogi neman jirgin, kada kuma ya tambayi Suwaiba labarinsa. In dole sai ta haka za a wanke ni, su riƙe kuɗin. Ina jin zafin a kira ni ɓarawo bayan shekara goma sha tara, kuma rufin ɗakinmu na jiran kuɗin nan, amma na yi wa Ya'u alkawari. Na san ki da bin diddigi. Ki bari.

Naki,
Ɗanladi

Sabon Gari, Wudil
12 ga Maris

Baba Ɗanladi,

Barka da war haka. Ka ce in bari, to ban bari ba, ka yafe mini.

Na fara da gyara. Ba a buɗe wa wanda aka biya a madadin wani shafi. Kowane biya sai a jingina shi da takardar mai kayan, wato Ya'u, sannan akwai ɗan gurbi a ƙasa da ake rubuta sunan wanda ya karɓa. Gurbin yana nan tun zamaninka, Baba, tabarau ne dai bai kai wurin ba. Odita ya ce in na kawo yardar Ya'u a rubuce da shaidar matar cewa kuɗi ya ishe ta, ba ruwansa da dalili.

Na iske Ya'u a bakin kogi yana gyaran tarun kifi. Ya dangwala yatsa a takardar yarda, sai na ce ya nuna mini jirgin marigayi. Ya kalli ruwa, ya ce:

"Malama, jirgin Ja'afar ya ruɓe tun ambaliyar bara waccan. Wannan nawa ne, da saniyata na saye shi."

"To kason na mene ne?"

"Marayu huɗu gare ta, kuma ba ta karɓar sadaka. Ranar da ta ji babu jirgi, ranar za ta ce in daina. Don Allah ki riƙe bakinki."

Wallahi kunya ce ta kama ni, da tausayi.

Washegari na hau acaɓa zuwa Achika. Suwaiba doguwa ce mai ƙarancin magana. Ta kawo mini fura, ta nuna mini benci a inuwar darbejiya. Ina zama na ji katakon yana da ɗan lanƙwasa, na duba, sai ga ragowar shuɗin fenti da rabin sunan Ja'afar. Ta ga inda idona ya tsaya.

"Yayana ya tsinto shi a gaɓa bayan ambaliya," in ji ta. "Na sani tun ranar."

Na ce, "Kika yi shiru?"

"Da farko na yi niyyar mayar wa Ya'u kuɗinsa. Sai na tuna ya ɗaukar wa Ja'afar alkawari a gadon asibiti. In na hana shi cikawa, me na bar masa? Duk zuwan da zai yi, tabarma nake rufa wa bencin. Ke ma ki rufa."

Ta sa hannu a takarda. Jiya na mayar da biya talatin da takwas ɗin kan Ya'u ɗaya bayan ɗaya, bashinsa ya koma sifili, na rufe shafin Suwaiba. Odita ya janye maganarsa, Hajiya ta ce a ba ka haƙuri, kuɗinka zai shigo Litinin.

Ka gaida Mama.
Laraba

Zonkwa
16 ga Maris

'Yata,

Kuɗi ya shigo, an fara sauke kwanon rufi. Na karanta wa Mamanki wasiƙarki, ta yi kuka, ni kuma ƙura ce ta shiga mini ido. Allah ya yi miki albarka, sarkin bin diddigi. Yanzu ni ne son sani ya dama. Ya'u zai tambaye ki yadda kuka yi a Achika. Me za ki ce masa?

Ɗanladi

Wudil
20 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Ya riga ya tambaya. Ya kawo kifin karfasa da safe, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce, "Ba ta gane komai ba ko?"

Na faɗa masa abin da ta ce in faɗa, ban ƙara ban rage ba: "Ta ce a gaida jirgi, Allah ya ƙara masa ƙwari."

Ya ce amin.

Taka,
Laraba