Shafi na Ɗari Biyu da Goma Sha Biyu

Mount Hope, Bronx, 9 ga Maris, 1994

Ƙannena Hosanna da Anna,

Ku yi haƙuri, Baba da Mama kuma su gafarta mini wannan karambani. Na san bai dace 'yar shekara goma sha bakwai ta rubuta wasiyya iyayenta na raye ba. Amma jibi za a yi mini aikin zuciya, likita kuma bai ɓoye mana cewa akwai haɗari ba. Ina cikin hankalina, ba zazzaɓi ke magana ba, babu kuma wanda ya sa ni. Hosanna, ke za ki karanta a gaban kowa. Inda Hausar ta gagare ki, Mama ta ɗora ki.

Ban mallaki komai ba sai littattafai huɗu na Kaka Bot. Anna, kina ƙarama muka taso daga Najeriya zuwa Amirka, ba ki san shi sosai ba. Ya yi yaƙin Bama a sojan Ingila, ya dawo ya yi wa wani Baturen kuza aikin kuku a Bukuru. Da Baturen zai koma gida ya bar masa littattafan. Kaka bai iya karanta Turanci ba, amma ya adana su a akwatin ƙarfe, duk ƙarshen damina ya fito da su su sha iska. Ranar da za mu tafi ya danƙa mini su ya ce, "Abigel, ke ce mai karatu. Akwai na yaƙi a ciki. Ki duba inda suka rubuta mu, ki aiko mini."

1. Littafin tsuntsayen Ingila na Anna ne. Ke kika gano cewa gwarar da ke sauka a tagarmu ita ce ta cikin hoton, na kuma ƙwace shi na ce hannunki da maiƙo. Ki yafe mini. Ki buɗe shi yadda kike so.

2. Na namun daji, mai bushiya a bango, na Hosanna ne. Bayansa ya ɓalle. Ki ɗinke shi da zare, kada ki manna masa salatif.

3. Na al'adunsu, mai bayanin shan shayi da bukukuwan ƙauye, na bar wa Mama, tunda shi ne ke sa ta dariya in ta dawo daga aiki a asibiti a gajiye.

4. Na yaƙi na Baba ne, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Na karanta littafin nan sau biyu, har jerin sunayen da ke ƙarshe. Akwai ruwan bama-bamai a London, akwai yaran da aka kwashe zuwa ƙauyuka, akwai matan da suka shiga masana'antu. Babu Bama, babu Najeriya, babu baƙar fata ko ɗaya. Duk wasiƙar da fasto ya rubuto mana da bakin Kaka, ƙarshenta ɗaya ne: "Abigel ta gani?" Shekara guda ina cewa ban gama ba. Daga baya na rubuta masa cewa na gani, a shafi na ɗari biyu da goma sha biyu, inda aka ce sojojin Najeriya sun ƙetare kogi da kaya a ka, ba wanda ya juya. Daga bakinsa na ji labarin kogin, na mayar masa da abinsa. Ya sa aka karanta wasiƙar a coci ranar Lahadi. Bayan wata huɗu ya rasu.

Baba ya ɗauki maganar ya kai wa direbobin tasi 'yan uwansa a filin jirgin sama na JFK, inda suke jiran fasinja. Amininsa Malam Tamimu ya ce, "Chuwang, kawo littafin mu gani da idonmu. Babana ma ya je Bama, tari kawai ya dawo da shi." Da Baba ya zo ya tambaye ni, na ce malamar tarihi ta ara, an kuma yi mata canjin makaranta. Baba ya ce Malam Tamimu ya ƙaryata 'yarsa. Shekara biyu ke nan ba sa gaisawa. Na ga ranar da Mama ta hango matar Malam Tamimu, Anti Mariya, a Fordham Road, ta shige kantin takalma. Anti Mariyar da ke kawo mana masa duk sallah, wadda ta yi jinyata lokacin kwanciyata ta farko a asibiti.

Baba, littafin na cikin koren akwati a saman kabad, ƙarƙashin bargo. A shafin da na faɗa, hoton mata ne suna shuka dankali. Malam Tamimu ne mai gaskiya. Ina roƙonka ka kai masa littafin da hannunka, ka ce masa ni na yi ƙarya. In da hali, kafin a shiga da ni aikin, don in ji.

5. A cikin akwatin akwai shuɗin littafin rubutu. Na rubuta abin da na tuna daga bakin Kaka: alfadaran da suka yi dako, ƙudan daji, abokinsa Mahamudu da ya koya masa iyo. Shafi goma sha ɗaya ne kacal. Lokacin da yake ba da labari ina ta hamma, ina ganin ai komai na cikin littafin Bature. Wannan ya fi ƙaryar ci mini rai. Ku biyu ku riƙe shi tare, kada a raba shi da littafin yaƙin. Ku je ku durƙusa wa Malam Tamimu ya ba ku labarin mahaifinsa, ku rubuta daga shafi na goma sha biyu. Hosanna, ko da Turanci kika rubuta ba laifi. Ki dai tambaya tun manya na nan.

Kada ku yi faɗa a kan littafi, kada ku bar gidanmu da gidan Malam Tamimu a rabe. Ku riƙa amsa wa Mama da Hausa ko kaɗan ne, yana faranta mata. Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye Baba a kan hanya, ya ba Mama ƙarfi.

In Allah ya tashe ni lafiya, Baba, ina neman izininka in sake rubuta wasiƙa zuwa cocin Bukuru, a karanta a inda aka karanta ta farko. Zan ce babu sunan Kaka a littafin, sannan in ba su labarin kogin kamar yadda ya ba ni.

Yayarku,
Abigel Chuwang