Na Yi Jere Da Kayan Wasan Ɗana

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana. Wanda kuma zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don babu zagin da zai yi min wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, mijina hatsi yake sayarwa a kasuwa. Ɗanmu na fari shekararsa biyar, amma har yau magana ba ta zauna a bakinsa ba, in ƙishirwa yake ji sai dai ya ja zanina ya nuna randa. Bara ƙanwar mijina, wadda ke karatun koyar da ƙananan yara a jami'a can wajen Rijiyar Zaki, ta matsa aka kai shi asibiti. Aka duba kunne aka ce lafiya lau, abin da yake buƙata a riƙa zama da shi ana wasa ana yi masa hira. Ba a yi sati biyu ba sai ga ta da kwali guda: 'yan katakai masu launi da ake gini da su, zobba da ake jerawa daga babba zuwa ƙarami, da littattafan hotuna huɗu, na dabbobi da na kayan gida. Ta zauna a tabarma ta nuna min yadda ake yi. Ta ce, "Anti, ko rabin awa ne kullum. Ki nuna masa, ki faɗi sunan, ki jira shi ya gwada. In ya yaga ya yaga, ai don shi aka yi su." Na ce to, Allah ya saka da alheri.

Tana hawa mota na dawo na zuba wa kayan nan ido. Me zan ce muku? Kyau suka yi min. Tun kayan aurena ban riƙe abu mai sheƙi irinsu ba. Na dubi hannun yaron duk ƙasa da miyar rana, na dubi littafin fari tas, sai kawai na mayar da komai cikin ledarsa, na buɗe kabad ɗina mai gilashi, na matsar da kuloli da tangaran gefe, na yi jere da su. Na kulle, na ɗaure makulli a bakin zani. Na ce a raina sai ya ƙara wayo. Wane wayo kuma, alhali don ya yi wayon aka kawo su? Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, suna cewa ɗakina ya koma na matan birni, wata har hoto ta ɗauka a wayarta. Ni kuwa ina ta washe baki ina cewa daga Kano aka kawo. 

Shekara guda cur ina ƙarya. Duk sanda ƙanwar mijina ta bugo ta ce, "Anti, kuna yi kuwa?" sai in ce, "Kullum bayan la'asar." Har ƙari nake yi, in ce jiya ya jera zobe uku, yau ya ƙi zama. Mijina da sassafe yake fita, in ya gan su a kabad ɗauka yake na gama ne na adana, har yabona yake wai na iya tattalin kaya. Shi kuwa yaron kullum yana tsaye gaban gilashin, ya manna yatsa a kan hoton akuyar da ke bangon littafi. Kun san abin da nake yi? In make masa hannu, in ce yana ɓata min gilashi, in ɗauko tsumma in goge. Wace irin uwa ce wannan?

Watan jiya aka zauna a ɗakin Inna, uwar mijina, a kan maganar sa shi makaranta. Inna ta ce, "An yi na boko shekara guda bai yi ba, a ƙyale yaro, haka Allah ya yi shi." Mijina ya ce shi ma ya haƙura, ba zai kai shi aji yara su mai da shi abin dariya ba, gara ya riƙa bin kakansa gona. Ƙanwarsa ta yi ta roƙo har ta fashe da kuka, tana cewa laifinta ne, ƙila ba ta zaɓo waɗanda suka dace da shi ba. Ni ina zaune ina gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki, har da cewa, "Kin yi iya ƙoƙarinki." Daga ƙarshe ƙanwar tasa ta ce ranar Juma'ar nan za ta zo ta karɓi kayan, ta kai wa malamarsu ta duba inda aka yi kuskure.

To a nan ne na yi abin da ya fi komai ƙazanta. Jiya da hantsi na tura yaron wajen Inna, na kwashe kayan na kai bayan rumbu, na yayyage ledojin. Na ɗebi ƙasa ina murza wa katakan, na ɗiga manja a littafi, na lanƙwashe shafuka, har haƙori na sa na tauna gefen zobe ɗaya don ya yi kama da aikin yaro. Mace da girmanta, tsugune bayan rumbu tana taunar kayan wasa don ta rufa wa ƙaryarta asiri. Ina cikin haka na ji motsi, ina juyowa na gan shi tsaye. Ya sa hannu a baya, yana jiran duka. Da ya ga ban yi komai ba sai ya matso a hankali, ya zauna a jikina, ya ɗora yatsa a bangon littafin, ya ce, "Akuya." Fes, babu ko gargada. Ya buɗe shafi na gaba, raƙumi ne, bai san shi ba. Sai ya ɗago kai ya zuba min ido, yana jira in faɗa masa. Na ce raƙumi. Ya ce, "Ƙumi." Muka yi shafi shida kafin kuka ya hana ni ci gaba.

Yanzu ga inda nake. In na yi shiru, kayan sun yi dattin da zai fitar da ni, amma ranar Juma'a za a tafi da su, maganar makaranta ta mutu, kowa ya ci gaba da cewa an gwada ɗana bai iya ba. In na faɗi gaskiya, mijina zai san shekara guda ina kallon idonsa ina ƙarya, ita kuma baiwar Allahn da ta yi kuka a gabana ban san da wace fuska zan dube ta ba, kuma Inna ba ta iya riƙe magana, kafin magariba duk ƙauyen ya ji. Na yi tunanin in ce kawai bakinsa ne ya buɗe rana ɗaya, a bar mana kayan, amma wannan ma wata ƙaryar ce a kan ta farko, kuma na gaji da warin kaina.

Yau tun da gari ya waye yake bina da littafin a hannu, ya ƙi ajiyewa ko da zai ci abinci. Jibi ne Juma'a. Jama'a, me zan yi?