Gwangwanayen Esi

Swedru, 14 ga Agusta, 1979

Zuwa ga Ato Amissah,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Accra. Tun ranar da ka kira ni malamin ƙauye a gidan mahaifinku ban sake rubuta maka ba. Laifina kawai na ce ƙasar da ke sayar da kokon yin cakulan kaɗai, tana sayo komai daga waje har da ashana, wata rana za ta ci 'ya'yanta. Kai kuwa kana ofis kana sa hannu a takardun shigo da giyar Turawa.

To, ta fara ci, kuma da ƙanwarka Esi ta fara.

Ka san dala ta ƙare, kanti ba madara, ba sabulu. Aka ce wai matan kasuwa ne ke ɓoye kaya. Ranar Asabar sojoji suka shigo kasuwarmu. Esi garin rogo take sayarwa, da gwangwanin madara take awo kamar kowa, sauran gwangwanayen kuma tana tara wa masu ƙera fitila. Wani kofur ya hango kwali a ƙarƙashin teburinta, ya yi ihu, “Ga uwar ɓarayi!” Suka kwantar da ita a kan teburin, suka yaga mata riga, suka yi ta zabga mata bel ta wajen ƙarfen. Mutanen da ta sha yi wa gyara a awo suna tafi suna cewa a ƙara mata. Na kutsa, aka fasa mini baki da gindin bindiga, wani yana cewa, “Tica, yau ba aji!” Sai da ta daina motsi kofur ya shuri kwalin. Gwangwanaye suka watse suna ƙara, ko ɗaya babu madara a ciki. Dariya ya yi.

Bayanta ya ruɓe, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce allurar da za ta cece ta daga waje take zuwa, kuma an daina kawowa. Kai ka san ƙofofin da ake bi. Ban taɓa roƙonka ba. Yau na roƙe ka.

Mijin ƙanwarka,
Kobina Essilfie

Swedru, 29 ga Agusta, 1979

Ato,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Direbanka ya iso jiya. Babu allura, sai kwalin madara, wai marar lafiya ta sami ƙarfi. Har kana da kwali guda na abin da aka yi mata dukan kisa a kan gwangwaninsa!

Na fito da shi bakin titi na bi gwangwanayen da adda ɗaya bayan ɗaya. Madara ta malala cikin kwata, maƙwabta suna kokawa a kai, suna ce mini mahaukaci. Direbanka zai ba ka labari. Na ga ya ɓoye biyu a aljihu.

Esi ta rasu tun ranar Larabar da ta wuce. Mun binne ta kusa da mahaifiyarku.

Ka huta lafiya.
Kobina Essilfie