Ranar da Aka Binne Ni a Bakin Teku

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina fata wannan ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Shekara shida ke nan rabona da gida, biyu daga ciki ba kya duniya. Na san ba za ki karanta ba, ko kina raye ma sai an karanta miki. Zan sa ta a shafina, wanda ya ga dama ya karanta.

Daga Zanzibar nake rubuto miki. Tsibiri ne, ƙasa ce da teku ya kewaye ta ko'ina. Maigidana, Balaraben nan na Oman da nake yi wa direba, shi ya kwaso iyalinsa hutu, ya haɗa da ni saboda ɗaukar jakunkuna da lura da yara.

Wurin yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Rairayin fari ne sol kamar garin masara da aka tankaɗe. Ruwan kuwa tas, kana tsaye a ciki har ƙugu kana ganin yatsun ƙafarka. Turawa na biyan kuɗi su zo su kwanta cikin rana, ranar nan da kike rufe kai da faifai saboda ita idan za ki kai wa masu yankan rake abinci a fadamar Gazara. Mutanen garin baƙaƙe ne irinmu, Musulmi, ana jin kiran salla daga bakin ruwa.

Suna da rake su ma. Ba sa ɓare shi da haƙori, inji ke matse musu shi a kofi, su sa citta da lemon tsami. Na saya na sha. Ban ji komai ba. Ko raken ne bai kai na Makarfi ba, ko bakina ne, Allah masani. Haka nake tun rasuwarki. Ina ci, ina barci, ina tuƙi, amma kamar wani ne ke yi ina kallonsa.

Ranar da ƙanena Sabi'u ya kira ni, ina ƙofar makaranta ina jiran yaran maigida. Na ce innalillahi, na kwashi yara na kai su gida. Na nemi hutu, maigida ya ce in bari a rufe makaranta. Na daɗe ina riƙe da shi a rai, amma gaskiya ɗaya ce: ko a take ya sa ni a jirgi, kafin in sauka Kano an rufe ki. Ya yi min ta'aziyya, ya ba da abin sadaka. Da aka rufe makaranta kuma damina ta kama, kuɗin jirgin suka tafi a taki. Masu gaisuwa na cewa Allah ya sa kin huta, ina cewa amin kamar mai amsa ina kwana. Ban yi kuka ba.

To jiya da hantsi, ina tafe bayan yara a bakin ruwa, sai na hangi tudun rairayi dogo, daidai tsawon mutum, ga wasu sun kewaye shi suna tura ƙasa da hannu. Sai na ji na tsaya cak na cire takalmi, bakina ya fara addu'ar shiga maƙabarta. Ashe wasa ne. Wani ƙaton Bature ne 'ya'yansa suka rufe har wuya, kansa a waje, yana ta ƙyaƙyata dariya ana ɗaukarsa hoto.

Yaran maigida suka ce sai sun yi min. A gida wa zai yarda a yi masa wannan fatan tsiya? Amma ɗan aiki ba ya da a'a, kuma yara ne, ba su san komai ba. Suka tona rami da 'yan cebur ɗinsu na roba, na shiga na kwanta.

Inna, ban san lokacin da na juya kan hannun dama ba.

Kin tuna abin da kike faɗa idan na ce ki ajiye taɓarya ki sarara? Ba kya kallona, tunda ɗan fari ne ni, ko sunana ba ki taɓa kama ba. Turmi kike kallo ki ce, "Wannan yaro da neman hutu. Ai hutu sai an kwanta dama."

Suka yi ta zubo rairayi. Na sama da zafi, na ƙasa da sanyi da danshi. Ban taɓa sanin ƙasa na da nauyi haka ba. Ta danne min ƙirji, numfashi sai da dabara. Na ce ashe abin da ke kanki ke nan, kuma a cikinsa babu ko tafin hannu ɗaya da ni na zuba. Ruwa ya riƙa fita daga idona yana gangarawa cikin kunne. Yaran suka zaci rairayi ne ya shiga, suka kawo ruwan gora suna wanke min fuska. Ko kuka ne, ko rairayin ne, ni ma ba zan rantse ba.

Da la'asar na kira Sabi'u na tambaye shi kabarinki. Ya ce reshen adurukun da ya kafa a kanki ya bushe, awaki sun tumɓuke shi, ruwa ya baje tudun, an kuma ƙara wasu a gefe. Yanzu tsakanin kaburbura biyu yake kokwanto. Ya ce in wata damina ta sake bi ta kai, shi ma sai dai ya nuna da hannu ya ce wajen nan ne.

Wa'adin aikina na ƙarewa wata mai zuwa. Maigida yana so in ƙara shekara biyu, har da ɗan ƙarin albashi. Sabi'u ya ce, Yaya ka daure ka sa hannu, addu'a daga ko'ina tana isa, gona kuwa ba ta jira. Bai yi ƙarya ba. Ga yaransa, ga tsadar taki, ga shi ni kaɗai ne a waje. Ban ga laifinsa ba.

Amma ɗazu na faɗa wa maigida ba zan sa hannu ba. Ya ce zan yi nadama. Wataƙila. Ina so in tsaya a kanki tun ana iya cewa ɗayan biyun nan ne. In ma ba a gane ba, sai in yi wa duka biyun addu'a, na kusa da ke shi ma ɗan wani ne.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yalwata miki makwanci, ya sa ƙasar nan ta yi miki sauƙi, ya yafe miki, ya sada mu a Aljanna.

Ba ki taɓa tambayata abin da na tara ba, amma ga shi. Kuɗin jirgi zuwa Kano. Kuɗin mota zuwa Makarfi. Abin da zai sayi taki buhu huɗu, in bai ƙara tashi ba. Sai mayafai biyu da na saya miki a shekarar farko, suna nan cikin ledarsu.

Wassalam.

Naki,
Ɗan farinki