Dutsen da Aka Kafa a Gonar Oonk

Wenkelo, 9 ga Maris, 2003

Ya ƙanwata Gerdien,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar taki a wannan sanyi? Yaya Wessel da jikoki? Ni lafiya, in ban da tari.

Bana shekara ashirin da huɗu ke nan da 'yan majalisar garinmu suka yi mini dariya, kuma ban manta ba. Kin tuna sun kafa dutse a gonar Oonk, wai a nan gidan sarautar Wenkelo yake kafin a rushe shi a sayar da tubalinsa. Daga rafi suka auna, yadda tsohuwar taswira ta nuna. Na miƙe na ce musu an karkatar da rafin a 1958, lokacin da aka sake raba gonaki aka cike gwalalon da ya kewaye gidan. Ni da ke mun yi zamiya a kan ƙanƙarar gwalalon nan, a bayan gonar Baba. Shugabansu ya ce, "Malam Evert, a aji kake da iko, nan kuwa muna da taswira. Zauna."

Yanzu sun hana a taɓa gonar Oonk, ainihin wurin kuma za su ba wani kamfani ya haƙi yashi. Ranar Litinin zan sa baƙar kwat ɗina in je gabansu. Ko ku zo, ko kada ku zo.

Yayanki,
Evert

Wenkelo, 21 ga Yuni, 2003

Ya ƙanwata Gerdien,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi da aka ce kin ajiye sanda.

Minti uku suka ba ni. Ban gama shimfiɗa zanena ba wani ya ce, "Baba, gida kuma ya sake tafiya ne?" Aka yi dariya, aka ɗaga hannu don ƙuri'a, kamfani ya samu izini.

Sati na biyar da fara haƙa, injin haƙan kamfanin ya ci karo da turakun katako, baƙaƙe wuluk, a jere a da'ira, da guntayen jan tubali. Daidai inda na faɗa, Gerdien, ko taku goma ban kuskure ba. Magatakardar gari ta zo har gida da kek a hannu, tana cewa, "Malam, ashe kai ne da gaskiya." Na karɓi kek ɗin. Ban ba ta kujera ba.

Sai dai direban ya yi kwana tara yana haƙa kafin ya gaya wa kowa, don kada a tsayar masa da aiki. Da masana suka iso, turaku shida suka tarar. Sauran an niƙe su da yashi an kai aikin hanya. Inda gidan yake, da gadarsa, da gwalalonsa, yanzu rami ne mai zurfin mita goma sha takwas, ruwa ya cika shi.

Ki gaida Wessel.

Yayanki,
Evert Lammertink