Iskar da Kike Kamawa

Zuwa ga 'yata Laraba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mu nan garin Lafia da godiya. Yayarki Saratu ta sauka lafiya, namiji. Kawunki na Ashige ƙafar ta sake kumbura. Ni kuwa jikina ƙalau, hankalina ne ba ya kwance. Da hannuna nake rubutawa, ki yi haƙuri da karkatar layi, kin san sai da na yi furfura na shiga aji.

Na yi kuskure. Da matan zumunta suka tambayi aikinki, na ce musu kina kama iska, yadda kika faɗa mini a waya. Sai Maman Talatu ta kama hannuna ta ce, "Tun yaushe abin ya same ta?" Yanzu sun sa Alhamis ta sama za su zo gida su yi miki addu'ar korar aljanu.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na ce ragowar kankare ce kuke niƙawa, wadda ake wankowa daga injin kwaɓa siminti, sai ku bi da hayaƙin masana'anta ta cikinta, ta shanye mugunyar iskar da ke ƙara wa duniya zafi, ta riƙe ta kamar dutse. Ba su yarda ba. Ni na yarda, domin na tuna babanki a wurin buga bulo a Azuba, yana shafa farin ɓawon da ke kan tarin ragowa yana cewa, "Siminti ma yana numfashi."

To, abin da ke damuna ke nan, Laraba. Kina ƙarama lokacin da ciwon tari ya kama shi. Ni na wanke rigunansa, ruwan ya yi fari. Ni na zauna kusa da shi a asibiti yana neman numfashi. Da kika ce niƙawa, ƙurar nan na gani.

Ba na ce ki bar aikin ba. Ina alfahari da ke. Amma ki aiko mini da hotonki a wurin aiki, hanci da baki a rufe, kafin Alhamis ɗin. Zan nuna wa matan su ga ba aljani, ni kuma in ga ba ƙura.

Allah ya tsare ƙirjinki, ya ba ki numfashin da babanki ya rasa. Amin.

Mamarki,
Asabe